Rabin Harshen Salmatu

Ranar da Salmatu ta dawo daga asibitin Kano, ta tarar an kwashe kayanta daga ɗakin da take kwana tun rasuwar mijinta, an mai da su ɗakin baya inda ake tara itace da buhunan gawayi. Adama, matar yayanta, tana tsaye can bakin rijiya, ba ta matso ba.

"Sannu da hanya, Gwaggo," ta ce, da sunan da 'ya'yan gidan ke kiranta. "Can ya fi maki iska."

Ɗakin ko taga ba shi da ita.

Ko Salmatu ta yi magana ba mai ganewa. Ciwon daji ne ya kama mata baki, daidai gefen da ta saba ajiye garin taba da goro in tana gaban murhu. Likitoci sun yanke rabin harshen, sun tsaga daga ƙarƙashin leɓe har wuya sun ɗinke. Kuncin hagu ya lotsa ciki. Miyau ya daina tsayawa, sai da tsumma a hannu. In ta buɗe baki, maganar takan fito a dame, kamar ta wanda ya cika baki da tuwo mai zafi.

Zulfa, 'yarta tilo, ita ta kawo ta. Ta so ta wuce da ita Katsina, amma wace uwa ce za ta tare gidan suruki alhali yayanta na da rai? Salmatu da kanta ta girgiza kai. Da tsohon cikinta Zulfa ta share ɗakin, ta shimfiɗa tabarma, sannan ta fita zaure ta durƙusa gaban kawunta Alhaji Abu, mai gidan. Daga inda take kwance Salmatu na jin su.

"Kawu, likita ya ce aikin da anka yi rabi ne. Saura gashi."

"Gashin mi?"

"Wata na'ura ce ake haska wurin da ita, ta ƙone abin da wuƙa ba ta gani ba. Ya ce da rauni ya kame a mai da ta, kar a wuce farkon watan gobe. In an wuce, abin yana iya dawowa. Za ta ɗan daɗe can, kuma sai da mai jinya. Ni ga halin da nike ciki. Maigidana ya ce ya ɗauki nauyin komai, mutum ɗaya kawai muke roƙo daga gidan nan da zai zauna da ita."

"Na ji."

"Abinci kuma sai mai ruwa-ruwa. Hayaƙi kuwa ya ce ko kusa..."

"Na ce na ji, Zulfa. Allah shi kai mu."

Motar da za ta mai da Zulfa Katsina ba ta gama juyawa ba Alhaji Abu ya zo ya tsaya bakin ɗakin itace. Bai shiga ba. Ya dubi fuskar ƙanwarsa ya kau da kai.

"Kin ga abin da taurin kai ya ja maki? Tun kakanninmu an san daji ba ya son ƙarfe. Ko allura ba a yi mashi. Na hana, kinka bi ɗiyarki, kinka kai kanki anka sa maki wuƙa. To, duk abin da ya biyo baya kar a kira sunana."

Gidan yana Magama, bakin titin da manyan motoci ke jeruwa suna jiran a sallame su su tsallaka Nijar. Rumfar tuwo ce jingine da bangon gaba, kuma ƙofar gidan ɗaya ce: daga zaure sai cikin rumfa, tsakanin bencina. Rumfar ta Alhaji ce, amma daga Katsina har Maraɗi direbobi ba su san ta da wani suna ba sai tuwon Salmatu.

Washegari aka kawo mata kofi da kwano da buta, kowanne an ɗaura masa jan zare. Adama ta ajiye su a ƙasa ta tura da ƙafa.

"Ba ƙyama ba ce, Gwaggo. Yara ne, kin san ba su da wayo."

Likita ya faɗa, Zulfa ma ta maimaita, cewa ba a ɗaukar wannan ciwo ko da a kofi ɗaya aka sha ruwa. Salmatu ta yi ƙoƙarin faɗa. Adama ta saurara da kai a karkace kamar mai jin kukan wata dabba, sannan ta ce, "To, madalla," ta tafi.

A kwanon tuwo ne, da ƙanzo a gefe. Salmatu ta zuba masa ruwa, ta jira ya narke, ta kai baki a hankali. Rabi ya shiga, rabi ya biyo ta gefen leɓe ya sauka a zani.

Bangon ɗakin ba shi da kauri, duk abin da ake yi a rumfa yana iso mata. Nan ta ji labarin kanta. Muryar Yahya ce, direban ƙaramar mota mai jigila tsakanin Jibiya da Katsina, mutum mai baki kamar lasifika.

"Hajiya Adama, wagga miya wa ya mutu cikinta? Don Allah yaushe Salmatu za ta dawo daga Maraɗi? In 'yan kwastan ɗin Nijar ne sunka riƙe ta, ni zan je in yi belinta."

Aka fashe da dariya. Adama ta ce, "Ai dangi ne sunka ƙi sakinta. Tana nan tahe."

Da la'asar Salmatu ta tare ta a bakin rijiya, ta nuna kanta, ta nuna arewa, ta buɗe hannu. Adama ta gane sarai.

"To mi kike so mu ce? In anka ji mai tuwo na da ciwon baki, ko kare ba zai sake cin tuwon gidan nan ba. Da mi za mu ci da ke? Rufin asirinki ne muke yi. Ke dai kar ki kuskura ki leƙa zaure."

Sai dai ƙorafi kan miya bai tsaya ba. Masu ci suka fara raguwa, wasu suka koma rumfar wata Bazabarma a ƙetaren titi. Ana haka Alhaji ya sa aka kafa zana a bayan gida, aka mai da murhu can, inda ko mai leƙe ba zai hango ba. Adama ta zo da murya mai laushi.

"Ba mu ce ki yi aiki ba. Hannu kawai za ki sa a miya, ki koma ki kwanta. Zaman banza ma ai ciwo ne."

Ranar farko hannu kawai ta sa. Ba ta jin gishiri, ba ta jin yaji, amma yatsunta sun san awo. Rana ta biyu aka ce ta ɗan tsaya ta ga yadda ake kaɗa kuka. Kafin mako ya zagayo muciya ta koma hannunta, da tukwane uku a gabanta, da ɗanyen itace mai hayaƙin da ke shiga raunin kamar ana zuba barkono. Adama ta ba ta ƙyalle ta ce ta naɗe bakinta ninki biyu kar wani abu ya ɗiga. Mutanen da ba sa iya shan ruwa da kofinta, su ne ke sayar wa duniya abin da hannunta ya tuƙa, su ma su ci su sha ruwa.

Abu ɗaya ta samu a wurin murhu: talge. Kafin ta zuba gari ta tuƙa, takan ɗebi ruwan talgen a kwanonta mai jan zare ta ajiye ya huce. Da shi ta rayu. Zaninta ya fara zagaye ta sau biyu.

A rumfa kuwa ta ji Yahya yana cewa, "Yauwa, Hajiya, yanzu kin fara hankali. Ko ta waya Salmatu ke koya maki?"

Wayarta tana hannun Adama tun daren farko. "Mi za ki yi da waya, ke da ba a jin maganarki? In an kira na kawo maki." Da aka kira ɗin ba ta kawo ba. Takan tsaya a tsakar gida ta buɗe murya yadda Salmatu za ta ji. Haka ta ji Zulfa ta sauka lafiya, an samu mace. Haka ta ji an yi suna ba da ita ba, an sa wa jaririyar sunanta. Ahmad, mijin Zulfa, ya zo da kansa ya kawo goro da alewa, amma suruki iyakarsa zaure. Alhaji ya ce masa ta samu barci, ba a son a tashe ta. Lokacin tana bayan zana tana kwashe tuwo.

Zulfa ta shiga wankan jego, uwar mijinta ta ce ba inda za ta sa ƙafa sai ta yi arba'in. Kullum sai ta kira.

"Inna Adama, wata ya kama fa. Yaushe za a taho da ita?"

"Alhaji na shiri, ɗiyata. Ke dai ki kula da jaririyarki."

"A ba ni ita in ji muryarta."

Salmatu ta saki muciya ta taho da sauri, ta tattara duk ƙarfinta ta kira sunan 'yarta, ta ce a zo a ɗauke ta. Abin da ya fito gurnani ne mai tsawo. Adama ta ja da baya da wayar.

"Kin ji ta ko? Tana gaishe ki. Ta ce a shafa mata kan takwara."

Da safe, bayan Alhaji ya karya kumallo, Salmatu ta je ta durƙusa nesa da tabarmarsa. Ta nuna wuyanta, ta nuna sama inda wata ke tsayawa. Ta yi ta maimaita kalma ɗaya har ta fito yadda za a gane.

"Kano."

Alhaji ya ajiye carbi.

"Wuta kuma? Ƙarfe bai ishe ki ba sai an ƙara maki da wuta? Ke Salmatu, wane irin rai gare ki? Kuma wa zai bi ki? Adama ta bar rumfa ta je ta zauna Kano tana gadin ki, mu ci ƙasa? Ga hanya yadda ta lalace, jiya ma an tare mutane. Ranar da kinka tahi na faɗa a masallaci, gaban kowa, ba da yawuna ba. Yanzu in ɗauke ki da hannuna in mai da ki, a ce Abu ya zama ƙaramin mutum? Ni ba zan bar ki ba magani ba. Na aika garin Ɗan Isa, can ƙetaren iyaka, akwai wanda ya san kan abin."

Mutumin ya zo a kan babur ranar Laraba, ta hanyar daji da ba ta bi ta gaban jami'ai. Tsoho ne mai jan gemu, da jakar fata a kafaɗa. Ya sa ta buɗe baki a hasken rana, ya leƙa, ya girgiza kai.

"An fusata shi, Alhaji. An sa mashi ƙarfe. Amma za mu lallashe shi."

"Ka ji ko?" Alhaji ya ce wa Adama, fuskarsa ta washe kamar wanda aka yi wa albishir. "Abin da nike faɗi ke nan."

Maganin gari ne baƙi, da ɓawon itace da kanwa da abin da mai shi kaɗai ya sani. Za a cusa a kan raunin safe da yamma, a riƙe baki a rufe. Salmatu ta ja da baya har ta jingina da buhun gawayi. Ta girgiza kai, ta ɗaga hannu biyu.

"Riƙe ta," in ji Alhaji. "Don kanta ake yi."

Shi ya danne mata kafaɗu. Adama ta sa leda a hannu, ta matse mata muƙamuƙi, ta cusa. Naman da bai gama haɗuwa ba ya ɗauki wuta. Ihun da ta yi ya tsallake bango, har aka yi tsit a rumfa. Adama ta cire ledar, ta wanke hannu da toka, ta fita.

"Akuya ce ke naƙuda," Salmatu ta ji ta ce. "Wa ke son ƙari?"

Tun daga ranar, safe da yamma. In ta tofar, da jini take tofarwa. Ko talgen ya koma yana yi mata wuyar haɗiya. Da Zulfa ta matsa da kira, Adama ta samo sabuwar magana: wai an kai ta wajen wani likita a nan cikin gari ya duba, ya ce raunin bai kame ba, a ƙara jira. Wata ya raba, ya tsufa, ya ɓace, wani ya tsaya.

Wata safiya tana alwala yatsanta ya ci karo da wani abu a ƙarƙashin kunne, sama da ɗinkin. Ƙulli ne kamar ƙwayar gujiya, mai tauri, ba ya motsi, ba ya ciwo. Ta san shi. Da irinsa aka fara. Ta kamo hannun Adama don ta taɓa, Adama ta fizge.

"Kaluluwa ce. Kowa na yi."

Kafin wata ya sake rabawa gujiya ta zama goro, wani ƙarami ya fito kusa da shi. Wannan karon Alhaji ya zo ya duba da kansa, daga tsaye.

"Ga shi nan. Na faɗa ko ban faɗa ba? Ƙarfe ya taɓa shi, ya watsu. Da kin ji maganata da yanzu kina zaune da harshenki." Ya juya ga matarsa. "A ƙara yawan garin."

Lahadi ranar kasuwar Jibiya ce, ranar da rumfa ke cika har wasu su ci a tsaye. Salmatu ta tuƙa tukunyar farko, ta kwashe, ta ɗora ta biyu. Da rana ta take, hayaniya ta kai inda ta kai, sai ta janye itacen daga murhu. Ta wanke hannu. Ta shiga ɗaki ta sa hijabinta, ta kwance ƙyallen da ke bakinta ta ajiye a kan buhu. Ba ta ɗauki komai ba. Ta ratsa tsakar gida, ta shiga zaure.

Alhaji na zaune kan kujerarsa a bakin ƙofa yana karɓar ciniki. Kafin ya ɗago ta wuce shi, ta tsaya tsakiyar bencina.

Wanda ya fara ganinta wani yaron mota ne da loma a hannu. Lomar ta tsaya a iska. Shiru ya bi benci benci har ya kai bakin titi. Rana ta haska ɗinkin, da kuncin da ya lotsa, da baƙin garin da ya rine mata leɓe, da ƙullin wuya. Ga garin tuwo a gefen hijabinta, ga ƙamshin daddawa a jikinta. Ba wanda ya buƙaci a yi masa bayanin wa ke dafa abin da ke gabansa.

Wani ya ture kwanonsa ya miƙe yana kakari. Wani ya tofar da abin da ke bakinsa a ƙasa.

"Subhanallahi! Alhaji, wannan ce ke yi mana tuwo?"

"Ba kun ce tana Maraɗi ba?"

"Koma ciki!" Alhaji ya daka tsawa, ya taso har hularsa na faɗuwa. "Koma ciki, mahaukaciya! Jama'a ku yi haƙuri, ba ta da lafiya, yau ta dawo..."

"Yau ta dawo da gari a hannu?" Yahya ne. Ya ajiye kwanonsa a hankali, ya taso ya tsaya gabanta. Bakin nan mai kama da lasifika ya yi ƙasa. "Salmatu? Ke ce? Mi ya same ki haka?"

Ta nuna wuyanta. Ta nuna motarsa da ke ƙetaren titi. Ta haɗa leɓe ta tura kalmar da ƙyar.

"Zulfa."

"Na san gidan. Na sha kai saƙo." Ya dubi Alhaji sama da ƙasa. "Wata nawa ina zaune nan ina tambayarta, tana bayan bangon nan? Kai Alhaji, ka ji tsoron Allah."

"Ina ruwanka da gidana? Ƙanwarka ce?" Alhaji ya nuna ta da yatsa. "Kin kashe mani rumfa, kin huta. Na ci da ke, na sha da ke, na nemo maki magani har ƙetare, wannan ne sakayya? In kinka taka titin nan, kin fita ke nan."

Adama ta leƙo daga zaure tana tafa hannu. "Butulu! Wallahi butulu!"

Salmatu ta taka titin. Yahya ya sauke fasinjan gaba ya mai da shi baya, ya buɗe mata ƙofa. Wata mata a cikin motar ta ja mayafi ta toshe hanci. A kowane shinge jami'i ya leƙo, ya ga fuskarta, ya ɗaga hannu a wuce.

Zulfa na zaune da jaririya a cinya lokacin da uwarta ta shigo. Ta daɗe tana kallonta kafin ta gane ta. Sannan ta miƙa wa uwar mijinta jaririyar, ta faɗi a ƙafafun Salmatu tana kuka tana cewa, "Sun ce kina gaishe ni, Inna. Kullum sun ce kina gaishe ni."

Ba a ƙara jiran komai ba. Washegari Ahmad ya ɗauke su zuwa Kano. Likitan da ya yi mata aiki ya gane ta. Ya taɓa wuyan, ya haska cikin bakin, ya daɗe yana kallon naman da garin ya cinye. Ya aika aka ɗauki hoto. Da sakamako ya fito ya zaunar da su, ya cire tabarau ya murza ido.

"Aikin ya yi kyau, Mama. Da kin zo lokacin da muka ce, da ina da magana mai daɗi da zan faɗa miki. Yanzu ya dawo, ya kama wuya, ya sauka ƙirji. Za mu yi gashin, amma don ya rage miki ciwo ne. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Salmatu ta gyaɗa kai. Ita ta riga su sani, tun ranar alwala.

Aka yi gashin, aka dawo da ita Katsina, ɗakin da ke kusa da na Zulfa, mai taga biyu. Kunyar suruki ta ƙare, ba wanda ya sake tuna ta. Jikin ya ci gaba da zubewa. Labari ya kai Magama cewa Salmatu sai yadda Allah ya yi.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko masallaci, Alhaji Abu ya zo dubiya. Ya sha babbar riga, ya taho da Adama da dattawa biyu na unguwa, da ledar lemo wanda mai jinyar ba za ta iya sha ba. Aka shimfiɗa musu darduma. Maƙwabta mata suka cika bakin ƙofa. Aka yi addu'a aka shafa.

"Mun yi iya yinmu," Alhaji ya ce wa dattawan, da murya irin ta mai haƙuri. "Allah ya gani. Tun farko na ce kar a sa ƙarfe. Yaran zamani ba su jin magana. Amma ba a tuna baya." Ya gyara zama ya fuskanci gadon. "Salmatu, ciki ɗaya munka fito. Rai na hannun Allah, ba a san gawar fari ba. Abin da kinka yi mani, na ƙin jin maganata da tozarta ni gaban mutane, na yafe maki duniya da lahira. Ke ma in akwai wani ɗan abu, sai ki yafe, a rabu lafiya."

"Allahu akbar," in ji ɗaya daga dattawan. "Haka ake so. Zumunci ke nan."

Aka zuba mata ido ana jira. Kowa ya san yadda ake yi: mai jinya ya ce ya yafe, a shafa fatiha, kowa ya tashi da zuciya fara. Salmatu na kwance tana kallon rufi. Numfashinta kaɗai ake ji.

Adama ta matso, ta kara kunne kusa da gadon amma ba ta taɓa shi ba. Ta ɗago da murmushi.

"Ta ce ta yafe."

"Alhamdu lillahi," dattawa suka ɗaga hannu.

Salmatu ta dafa katifa. Zulfa ta zo za ta taimaka, ta ture hannunta. Da kanta ta tashi zaune, a hankali, ƙasusuwan kafaɗarta na motsi a ƙarƙashin riga. Ta dubi Adama. Ta dubi yayanta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana yarinya. Ta buɗe abin da ya rage na bakinta.

"A'a."

Ya fito sarai. Har matan da ke bakin ƙofa sun ji. Hannayen dattawa suka tsaya a sama, ba a shafa ba.

"Gwaggo na nufin..." Adama ta fara.

"Kowa ya ji abin da take nufi," in ji Zulfa.

Alhaji ya miƙe, ya kaɗe riga, ya nemi takalmansa. Bai sake kallon gadon ba. Salmatu ta koma ta kwanta, ta juya fuska wajen taga. Ta nan ta ji shi a ƙofar gida, maza sun kewaye shi, yana yi musu bayani a natse cewa ciwon ya hau sama, ya fara taɓa mata hankali, ba ta san abin da take faɗa ba. Suka ce Allah ya sawwaƙe. Suka ce Allah ya ba shi ladan zumunci. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙa masa hannu, suna yi masa sannu da haƙuri.